Ta Inda Kakan Malam Ya Hau

Mutanen Banyo ba su ɗauki hawan Dutsen Jumbal a bakin komai ba. Tun suna yara yake tsaye a kansu, kuma akwai 'yar turba da makiyaya da masu itace suka tattake, wadda ko baƙo ya bi zai kai. Mu ba ita muka bi ba. Dalili kuwa wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, da ya kafe sai ya hau ta gefen da kakansa ya hau.

Mu tara ne, har da wani saurayi Bafulatani mai kiwo da ya yarda ya ja gaba. Ni daga Garwa na taho, ta Ngaundere da Tibati, a cikin hunturu, lokacin da an ƙone ciyawa, dutse ya zama baƙi da toka kamar gindin tukunya.

Sai mai karatu ya san abin da ya faru a nan kafin ya gane taurin kan Malam. A watan Yuni na 1915 Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa. Jamusawan da ke Banyo suka haye dutsen nan, suka yi ganuwoyi da duwatsu, suka gina tankunan ruwa na siminti, suka tara hatsi, suka kora shanu sama. Ranar 4 ga Nuwamba, da asuba cikin hazo, rundunar Janar Cunliffe ta fara hawa. Na sama suna gangaro musu da duwatsu da nakiya. Sai ranar 6 ga wata suka kai, bayan dare na ruwa da tsawa, kuma a nan kwamandan Jamusawa, Kyaftin Schipper, ya mutu. Littattafai sun riƙe sunayen Turawan. Amma masu hawan sojojin Najeriya ne, Hausawa da yawa a ciki, waɗanda ke harbinsu daga sama su ma akasari baƙaƙen fata ne. Kakan Malam ko bindiga bai riƙe ba, ɗan dako ne. Ya hau da akwati a ka, ya sauko da ransa, ya yi aure a Banyo, bai sake komawa Kano ba.

Doka biyu makiyayin ya kafa mana. Kada kowa ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, kuma duk wanda ƙafarsa ta tuge dutse ya yi ihu. Ihun farko da na ji, wani ƙato kamar turmi ya wuce ta gefenmu yana tsalle, muka bi shi da ido har ƙararsa ta ɓace. Ba wanda ya sake wasa. Ni da nake cin abinci da baki a gaban makirufo, ranar nan harshena ya bushe, ba na iya haɗa kalma uku. Inda babu turba hannu ma ƙafa ne: ka kama saiwa, ka gwada ta, ka ja jiki, toka ta cika maka hanci.

Rana na take tsakiya gwiwar Malam ta ƙi. Ruwanmu ya yi rabi. Samari uku suka ce su za su wuce, in sun kai sai su sauko ta turba su turo taimako. A baki maganar tana da kyau, amma ni ban ji taimako a cikinta ba, na ji gajiya da jiran tsoho. Makiyayin ya dube su ya ce shi ko shanu ba ya raba su biyu a kan dutse, balle mutane.

"Baba, mu juya ne?" in ji shi.

Malam ya yi shiru yana murza gwiwa. "Ɗana, shi da kaya ya hau. Ni goran ruwa ne kawai a hannuna."

Aka kwance rawaninsa aka ɗaure gwiwar. Samarin nan dai su suka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya a gaba yana ja, ɗaya a baya yana tokare shi, suna ƙunƙuni. Tafiyar da makiyayin ya ce shi kaɗai ba ta cin masa awa ɗaya, ta ci mana uku.

A sama babu abin da zai burge mai neman hoto. Ragowar gini ne, duwatsu jere da ciyawa ta cinye, ga Banyo can ƙasa cikin hazo, rufin kwano na ƙyalli. Malam bai kula da ganuwar ba. Ya je bakin gangaren da muka fito, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya nemi a ba shi sauran ruwa. Muka zaci sha zai yi. Ya yi alwala da ɗan abin da ya rage, ya yi azahar da la'asar, ya ɗaga hannu ya yi wa kakansa addu'a, da waɗanda suka hau, da waɗanda suka gangaro da duwatsun.

Ta turba muka sauko, da ƙishi. Ana kiran magariba muka shiga gari, samarin suka zarce wurin mai shayi.