Mun Leƙa Tafkin Chadi Ta Sama

Bandar kifin da iyayenmu mata ke sawa a miya, mai yawa daga cikinta daga Baga take fitowa, a bakin Tafkin Chadi. Mun daɗe muna son ganin wurin, amma a shekarun nan na rashin tsaro hanyar Baga ba ta 'yan makaranta ba ce. Sai malaminmu na labarin ƙasa ya ce to mu bi ta sama. Ya tara mu gaban kwamfuta, ya buɗe mana hotunan Landsat, taurarin ɗan'adam na Amurka da ke ɗaukar hoton duniya tun 1972. Tun 2008 kowa na iya sauke su kyauta.

A hoton 1973 ruwa ne shimfiɗe, daga Borno har Chadi. A na 1987 kuwa sai da muka matso kusa kafin mu gan shi. Ɓangaren arewa, wajen Nguigmi ta Nijar, ya bushe ƙaƙas. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa. Farin 1973 da na 1984 sun rage ruwan kogin Shari da na Logon, waɗanda su ne ke kawo mafi yawan ruwansa.

Nan take muka ce tafki ya mutu. Malam ya ce mu daina gaggawa, hoto biyu ba sa yanke hukunci. Muka bi sauran shekara bayan shekara, sai ga ruwan yana ja da baya yana dawowa, har a daminar 2022 ya malale wuraren da suka daɗe a bushe. Wani ruwan ma yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi, hoto ba ya nuna shi sosai. Inda ya janye kuma an yi gonakin masara da wake, makiyaya ma sun shigo da dabbobinsu. To idan ruwan ya dawo, wurin na wa ne, na masunci ko na manomi? Mun yi gardama a kai har aka kaɗa ƙararrawa.

Wata 'yar ajinmu ba ta tashi ba. Kakanta masunci ne a Doron Baga kafin su yi hijira. Ta roƙi Malam ya mayar da hoton 1973, ta sa yatsa a bakin ruwan tana neman garinsu.