Ko Ƙungiyar Ƙwallo Za Ta Yi Nasara A Garin Caca?

 'Yan'uwana Musulmi masu karanta wannan fili, yau zan ɗan ratse daga abin da aka saba, in kawo muku wata magana da ta same ni har ƙofar gidana a Tudun Wada, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa a nan Kano. A fuska maganar ƙwallon ƙafa ce, amma wanda ya bi ta a hankali zai tarar da halal da haram a ƙarƙashinta.

Tun da na bar aikin gwamnati samarin unguwarmu suka naɗa ni uban ƙungiyarsu ta ƙwallo. Aikin ba shi da yawa. In sun saɓa in sasanta su, in za su wasa Gama ko Dakata in taimaka da kuɗin mota. Ran nan cikin shekarar 2023, bayan sallar la'asar, sai ga kyaftin ɗinsu, wanda shi ne autan marigayi yayana, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Baffa, Allah Ya kawo mana sauƙi. Wakilin wani kamfanin cacar ƙwallo ya ce zai ba mu riguna kala biyu, da takalma, da kuɗin shiga gasa. Abin da yake so kurum shi ne a buga sunan kamfanin a ƙirjin rigar."

Na ce, "Kai ɗan nan, ka kuwa san hukuncin caca?"

Ya ce, "Na sani, Baffa, Allah Ya ƙara maka lafiya. Ai mu ƙwallo za mu buga, ba caca ba. Kuma zamani ya juya. A Amurka ma an ɗauki ƙungiya sukutum an kai ta Las Begas, garin da ba shi da sana'a sai caca da saukar baƙi, ga ta can tana ta kwasar kuɗi."

Ban ba shi amsa nan take ba, na ce ya ba ni mako guda. Na yi haka ne domin tsoho in ya ce wa yaro "haram" ya yi shiru, yaron yakan tafi da hujjarsa a zuci bai ajiye ta ba. Sai na zauna na binciki labarin garin nan da ya ambata, da wani makamancinsa a Turai.

Las Begas tana cikin Jihar Nebada, wadda ta halatta caca tun shekarar 1931, kuma baƙi kimanin miliyan 40 ke zuwa cikinta kowace shekara. Ƙungiyar da yaron ke nufi ita ce Raiders, ta irin ƙwallon Amurkawa wadda ake rungumewa ana gudu da ita. Shekara da shekaru shugabannin wannan wasa suna ƙyamar garin, don tsoron kada 'yan caca su kusanci 'yan wasa. Amma a 2017 suka yarda Raiders ta taso daga Okland, ta kuwa taso a 2020. Aka gina mata fili mai ɗaukar mutum 65,000 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, daga ciki dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal za a biya su. Ta wajen kuɗi lalle ƙungiyar ta samu. Ta wajen wasa kuwa, daga 2020 zuwa kakar 2024 sau ɗaya tak ta kai zagayen fid da gwani. Daɗin daɗawa, sau da yawa magoya bayan abokan karawa, waɗanda suka zo yawon shaƙatawa, su ne ke cika babban ɓangare na filin, har ƙungiya tana gidanta amma ihun baƙi ke tashi.

Na biyu ita ce Monako, wata 'yar ƙaramar masarauta a gaɓar teku kudu da Faransa, mai mutane ƙasa da 40,000, wadda gidan cacarta na Monte Karlo ya yi suna tun wajen 1860 da 'yan kai. Ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa irin tamu ta ci gasar Faransa sau 8, na bayan nan a 2017, ta kuma kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2004. A can ɗan ƙasarmu Victor Ikpeba yake lokacin da aka zaɓe shi gwarzon Afirka a 1997. Duk da haka filinta, wanda bai kai ɗaukar mutum 20,000 ba, ba safai yake cika ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar ƙasar ta hana 'yan asalin Monako yin caca a gidan nan nasu. Watau masu tukunyar sun san abin da suka dafa, saboda haka baƙo suke zuba wa, 'ya'yansu kuwa an hana su ɗanɗanawa.

To, a nan tilas mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. In ana nufin kofi da kuɗi, ƙungiya tana iya yin nasara a garin caca. A Las Begas ɗin ma ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara, wadda ta fara wasa a 2017, ta ɗauki babban kofinsu a 2023. Kada mai wa'azi ya ce wa samari duk wanda ya taɓa kuɗin caca zai faɗi warwas a duniya, domin za su duba waya su ga ba haka ba ne, sa'an nan su daina gaskata shi a kan sauran abubuwa. Alƙur'ani mai girma kansa, a aya ta 219 cikin Suratul Baƙara, bai musanta cewa akwai ɗan amfani a giya da caca ba, sai dai ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfanin. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce, me ake biya kafin a sami wannan amfani, wa kuma ke biya?

Ni na san mai biya, domin na taɓa zama shi. A shekarar 1978, lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa, ina ƙaramin akawu, ba na fashin zuwa filin wasa na Sabon Gari. Daga son ƙwallo abokai suka koya mini cacar cike takarda a kan wasannin Ingila. Kowace Asabar da dare mu kewaye rediyo muna jiran sakamako, kowa da takardarsa a hannu. Na fara da 'yan kwabbai, na koma Naira. A 1981 aka yi mini haihuwar fari, kuɗin da na tara na ragon suna na zuba su a takarda ɗaya, da tunanin in ninka su in sayi babba. Suka tafi. Ana gobe suna na je wurin yayana da kunya na faɗa masa. Bai zage ni ba. Ya kwance ragon da yake kiwo don layya ya miƙo mini igiya, ya ce, "Je ka yanka wa yaro, amma ka sani wannan ragon haƙƙin iyalina ne ka ci." Daga ranar ban ƙara taɓa takardar ba. Yau ga ɗan mutumin nan a gabana yana neman in sa hannu a rubuta sunan caca a ƙirjinsa.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane lissafin. In an yi ciniki a Kantin Kwari, mai saye ya tafi da atamfa, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa ya ƙaru. A caca kuwa babu haja. Abin da mutum ɗaya ya ci, asarar mutum ɗari ce aka tara masa, bayan kamfani ya cire nasa kason tun da fari. Samarinmu sukan haɗa wasanni 10 a takarda ɗaya don kwaɗayin riba mai yawa. Ko da a ce kowane wasa canki ne tsakanin abu biyu daidai wa daida, damar cin dukkan goman ita ce 1 cikin 1,024, balle ga shi akwai kunnen doki. Rigunan da wakilin nan zai ba mu, da kuɗin ɗan acaɓa da ɗan tireda da yaron shago za a saye su. Ma'aikaci kuma ya sani, wanda ya cinye albashinsa a caca tun ran 5 ga wata, shi ne hannunsa ke kusa da kuɗin ofis.

Musulunci bai hana wasa ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma shirya sukuwar dawaki a Madina. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin tsere da kyautarsa, suka nuna halaccin kyautar da shugaba ko wani mai bayarwa daga gefe ya sa wa masu tseren dawaki da raƙuma da harbi. Abin da aka hana shi ne kowa ya zuba nasa, wanda ya dace ya kwashe. Ayoyi na 90 da 91 cikin Suratul Ma'ida sun jera caca tare da giya, suka kuma ambaci illarta: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Wanda ya taɓa wucewa ta gidan kallon ƙwallo lokacin magariba ya ga tafsirin wannan da idonsa. Ga mai cewa shi talla kawai zai yi, aya ta 2 a surar ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Hausawa kuma sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Har wa yau, ita kanta ƙwallon caca na ci mata amana. A Italiya a 1980 an kori AC Milan da Lazio zuwa rukuni na biyu saboda sayar da wasanni ga 'yan caca, aka dakatar da Paolo Rossi shekara 2. A 2023 an dakatar da Ivan Toney wata 8 a Ingila, da Sandro Tonali wata 10, duk a kan caca. A watan Afrilu na shekarar kuma ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. Tun kafin nan, a 2006, Frederic Kanoute, Musulmi ɗan wasan Mali, ya liƙe tambarin wani kamfanin caca a rigarsa ta Sevilla don nuna rashin yardarsa. Abin da masu shi suka fara tuɓewa, shi ake kawo mana mu sa.

Da mako ya cika na tara yaran a zaure. Na ba su labarin ragon, wanda ko shi kyaftin bai taɓa ji ba. Sa'an nan na ce su dubi Kano Pillars. An kafa ta a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015. Da ta faɗa rukuni na biyu a 2022 jama'arta ba su watse ba, ta kuwa dawo a 2023. Kirarinta shi ne "Sai Masu Gida". Na ce musu ƙungiya da masu gida take tsayuwa, mutanen da za su zo filin Ƙofar Mata ko an ci ko an sha kashi, su kuwa baƙin garin caca gobe sun hau jirgi.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙin karɓar ya yi mana tsada. 'Yan wasanmu biyu, cikin waɗanda suka fi iyawa, suka koma wata ƙungiya. Mun rasa gasar shekarar don rashin kuɗin rajista. Kyaftin ya yi kusan wata guda gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Daga baya muka ɗauki littafi muka bi gida gida. Wani mai sayar da shinkafa a kasuwar Singa ya ba da kuɗin riguna, wani tela ya ɗinka wanduna a rabin farashi, malaman makaranta uku suka ɗauki nauyin ƙwallo kowane wata uku. Kayan ba su kai na kamfani kyau ba, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a Kano, a watan Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Wannan abin yabo ne. Amma fa kwaɗon Hisba ba ya rufe waya, shagon yanzu yana cikin aljihun ɗanka da yaron shagonka.

Saboda haka ina kira ga attajiranmu na Kwari da Singa da Dawanau da Kurmi, da ma'aikatanmu manya da ƙanana. In mun ce wa yara kada su karɓi na caca, wajibi ne mu miƙa musu na halal, in ba haka ba wa'azinmu ya zama na fatar baki. Kowa ya dubi ƙungiyar unguwarsu, ya saya mata ko da ƙwallo ɗaya, ya sa sharaɗin a tsai da wasa in an kira salla. Wanda kuma ya san hannunsa ya shiga cacar, kamar yadda nawa ya taɓa shiga, ƙofar tuba a buɗe take.

Jiya da yamma na wuce ta filin na tarar suna atisaye, kyaftin ya rugo ya karɓi jakata. A ƙirjin rigarsa an rubuta Tudun Wada. Mai tsaron gida dai har yanzu ba shi da safar hannu, in akwai mai niyya.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare zuriyarmu daga haram, Ya jiƙan magabatanmu, amin. Haza wasalam.