Ƙawancen Nassara da Rahama: shekara goma, sannan tazarce

Matasan da ke kiran waya a shirinmu na rediyo, da yawansu ba su san an taɓa yin ƙawancen jam'iyyu da ya kai shekara goma a ƙasar nan ba. To, an yi: MNSD Nassara da CDS Rahama, daga 1999 zuwa 2009.

Masu sharhi da Faransanci kan ajiye MNSD a ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi da ke karkata dama. Mu a lekol an koya mana dama da hagu, amma ku tambayi ɗan kasuwar Maraɗi ko manomin Mirriya mi ya sa ya jefa ƙuri'a, ba za ku ji wannan magana ba. Mutum da yanki ake bi, da kuma wanda ya zo gaisuwa ranar rasuwa.

Abin mamakin shi ne waɗannan mutane abokan gaba ne a da. A 1993 Mahamane Ousmane ne ya kayar da Tandja Mamadou a zagaye na biyu, da goyon bayan ƙawancen AFC. A 1995 kuma aka tilasta wa Ousmane zama da Hama Amadou na MNSD a matsayin firaminista, zaman doya da manja, har Janar Bare ya kifar da su duka a Janairun 1996. Amma da aka zo zaɓen 1999, Ousmane ya zo na uku, ratarsa da Issoufou Mahamadou ƙarama ƙwarai, sai ya juya ya mara wa Tandja baya. Tandja ya ci da kusan kashi 60 cikin ɗari. A majalisa Nassara ta samu kujeru 38, Rahama 17, cikin 83.

Rabon ya fito fili, shi ya sa ya daɗe a ganina. Tandja na fadar shugaban ƙasa, Hama na firaminista, Nafarko na shugabancin majalisar dokoki. Kowa da tukunyarsa. Damagaram ta ga ɗanta a babbar kujera, ba wanda ya ji an bar shi a rana. A 2004 aka maimaita, Tandja ya sake kayar da Issoufou a zagaye na biyu. Shekaru goma ba juyin mulki, a ƙasar da ta ga guda biyu tsakanin 1996 da 1999. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da kana cikin masu adawa da su.

Ɓaraka ta fara ne daga cikin gidan Nassara kanta. Ranar 31 ga Mayun 2007 majalisa ta tsige gwamnatin Hama, Seini Oumarou ya gaje shi, daga baya Hama ya shiga kaso a Kutukale. Sai maganar tazarce. Kundin tsarin mulki ya ce wa'adi biyu, magoya bayan Baba Tandja suka ce a ƙara masa shekara uku ya ƙarasa ayyuka. Ousmane ya ƙi. A Mayun 2009 Tandja ya rusa majalisar da abokin ƙawancensa ke shugabanta, CDS ta janye ministocinta, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 Salou Djibo da sojojinsa suka shiga fadar da rana tsaka.

Har yau a fada ana gardama: wasu na cewa Ousmane ya ci amana, wasu na cewa shi ya riƙe alkawarin da aka yi tun farko. Ni dai ina ganin yarjejeniyar a kan wa'adi biyu aka gina ta, kowa yana jiran layinsa, kuma tazarce ya ce ba layi.

A 2011 sun sake haɗuwa a ƙawancen ARN, Nassara da Rahama da Lumana ta Hama. Kafin zagaye na biyu Hama ya koma wajen Issoufou, Seini ya tashi da kusan kashi 42.