Hakkin Abokin Aiki

A yammacin birnin Omdurman na ƙasar Sudan, a yankin da ake kira Umbadda, akwai wata babbar kasuwa mai suna Kasuwar Libiya. An ba ta wannan suna domin a dā manyan motoci sukan ratso hamada daga ƙasar Libiya ɗauke da barguna da yadi da rediyo, su sauke a wurin. Kafin yaƙi, idan mutum ya shiga kasuwar da rana ba ya jin maganar na kusa da shi, saboda kukan jakuna da ƙarar motoci da cinikin mutane. Amma da zarar an yi sallar lisha an ja ƙofofin ƙarfe, sai kasuwa ta koma hannun masu gadi. Wannan labarin ɗaya daga cikinsu ne, shi da karensa.

Mutumin Bahaushe ne, ko da yake bai taɓa ganin Kano ba. Kakansa ya bar ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da jama'a masu yawa suka yi gabas. Kamar sauran dubbai, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noma, ya yi aure, ya mutu a can. Irin waɗannan mutane su ne suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da Gadarif, da gonakin audugar Jazira. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari. A Gadarif aka haifi maigadin. Ya zo Omdurman neman aiki yana saurayi, ya yi dako, ya yi tallan ruwa da keken jaki, da ƙarfi ya fara raguwa sai 'yan kasuwa shida na layin barguna suka ɗauke shi gadin situnansu. Kayan aikinsa ba su da yawa: sanda, da tocila, da buta, da tabarma.

A lokacin sanyin 2016, wata rana da asuba, ya ji kuka a ƙarƙashin tarin kwali. Da ya ɗaga sai ya ga ɗan kwikwiyo, jikinsa duk kaska, uwarsa kuwa mota ta take ta a bakin titi. Bai yi niyyar kiwon kare ba. Ya dai jiƙa ɓallin burodi a sauran shayinsa ya ajiye masa, ya tafi gida. Da ya komo da yamma sai ya tarar da shi kwance a kan tabarmarsa.

Mai karatu ya san matsayin kare a wurinmu. In ana so a wulakanta mutum, da sunan kare ake zaginsa. Yaro ya ga kare, abin da zai fara nema shi ne dutse. Saboda haka sauran masu gadi suka yi ta yi masa dariya, wasu ma suka daina shan shayi a kofinsa. Hausawa sukan sa wa kare sunan habaici, shi ma bai bar al'adar kakanninsa ba, ya sa masa suna Ƙyale-su.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya tafi wurin limamin unguwarsu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da laifi a kan karen nan?" Liman ya bayyana masa cewa a mazhabar Malikiyya, wadda Sudan da ƙasar Hausa duk suke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a kan kansa, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Ya ce an yarda a ajiye shi domin kiwo da noma da farauta, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadi. Har ya ba shi labarin da ake ruwaitowa, cewa malamin nan na Ƙairawan wanda ya wallafa Risala ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Sa'an nan ya ƙara da magana guda wadda maigadin bai manta ba. Ya ce, "Amma ka sani, duk dabbar da ka tsare domin amfaninka, cinta da shanta suna wuyanka."

Daga nan ya fara gane cewa kiwon kare ga talaka mai aiki ba wasa ba ne. Kowace yamma kafin ya kama gadi sai ya biya ta wurin wani mai agashe, wato tsiren da Hausawa suka kai Sudan har ya zama abincin kowa, ya karɓi ƙashi da tarkacen nama. A watannin Mayu da Yuni, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40, sai ya ɗauko ruwa a jarka ya cika wani tsohon kasko sau biyu a rana. In guguwar ƙurar nan da suke kira habub ta taso, ya lulluɓe kansa da rawani, ya ja karen cikin lungu. Ran Jumma'a, ranar da sauran ma'aikata suke hutawa, shi yakan zauna ya cire kaska ɗaya bayan ɗaya. Bikin dangi a Gadarif ma bai iya kwana uku, gama ba wanda zai bar wa karen.

A watan Disamba na 2018 kuɗin burodi ya ninka sau uku a wasu garuruwan Sudan, mutane suka fita zanga-zangar da ta kai ga saukar da Umar al-Bashir a Afrilun 2019. A gidan maigadin ma an yi ƙaramar zanga-zanga. Matarsa ta ga yana sa burodi guda a aljihu, alhali ta yi awa biyu a layi kafin ta samo. Ta ce, "Malam, yara ba su ƙoshi ba, kai kuwa kana kai wa kare?" Bai yi fushi ba, domin gaskiya ta faɗa. Ya ce mata, "Rabona ne na ɗauka, ba nasu ba. Kuɗin da nake kawo miki mu biyu muke aikinsa, ni kaɗai ake biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Maganarsa ba ƙari a ciki. Mutum mai shekara hamsin da wani abu ba ya iya kwana bakwai a jere ido biyu. Sa'ad da gyangyaɗi ya ɗauke shi, kunnen Ƙyale-su ne yake gadi. Wani dare wayar lantarki ta yi tartsatsi a bayan wani sito, hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa. Karen ya yi ta haushi yana jan bakin rigarsa har ya farka, ya tara mutane aka fasa ƙwado aka kashe wutar da yashi. Da gari ya waye mai siton ya rungume shi ya ba shi tukwici. Ba wanda ya tambayi wa ya tashe shi. Shi dai ya san gaskiya, ran nan ya sayi nama, ba ƙashi ba.

A wannan shekarar ce ya sadu da wani baƙo ɗan ƙasar Filifin, makanikin janareta, wanda wani kamfani a Hartum yakan aiko gyara a kasuwar. Yawancin baƙi in sun ga karen sukan ja da baya. Wannan kuwa sai ya tsuguna ya miƙa masa bayan hannu ya sansana. Da guntun Larabci da nuni da hannu suka fahimci juna. Ya fito da wayarsa ya nuna hoton wani jan kare mai tsayayyun kunnuwa, kamar an tsaga kara da Ƙyale-su. Ya ce sunansa Bantay, ma'anarsa a harshensu mai gadi. Ya ce a ƙasarsu an daɗe ana kiran irin waɗannan karnuka askal, wato karen titi, daga baya masu tausayin dabbobi suka sauya musu suna zuwa aspin, wato karen 'yan ƙasa, domin a daina raina su. Ya bar nasa a hannun tsohuwarsa, kowane wata in ya aika kuɗin gida yakan ware na abincinsa. Maigadin ya yi mamaki ƙwarai, ashe a wata duniya mai nisa akwai ma'aikaci irinsa mai irin wannan nawaya.

Baƙon ya tambaye shi, "Ya Hajji, an yi masa allura?" Maigadin bai ma san ana yi wa kare allura ba. Sai ya bayyana masa cewa a Filifin tun 2007 doka ta wajabta wa mai kare ya yi masa rigakafin ciwon haukan kare. Wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. In alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya gwada maganin rigakafinsa. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai faru. Maigadin ya tuna jikokinsa da suke wasa da wutsiyar karen. A ƙarshen watan ya ɗaura masa igiya. Masu ƙananan motocin haya uku suka ƙi ɗaukarsu, sai mai keken jaki ne ya kai su wurin likitan dabbobi. Kuɗin cefanen kwana uku ya tafi, aka ba shi 'yar takarda, ya naɗe ta a leda tare da katin shaidarsa.

Ran Asabar 15 ga Afrilu, 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. Kafin ƙarshen watan ƙasashe suka fara kwashe mutanensu. 'Yan Filifin ɗaruruwa aka ɗebe su a motocin safa zuwa iyakar Masar. Makanikin ya buga masa waya daga hanya domin ban kwana, bai kashe ba sai da ya tambayi lafiyar karen. Maigadin ya ci gaba da zuwa aiki har ranar da masu bindiga suka zo da motoci. Sanda ba ta tare harsashi. Ya riƙe bakin Ƙyale-su da hannu biyu kada ya yi haushi a harbe shi, suna kallo aka fasa situna shida aka kwashe abin da suka yi shekara bakwai suna tsaro tare.

Da ruwa da abinci suka yanke a Umbadda, ya sayar da gadon matarsa da 'yan akuyoyinta ya sami wuri a bayan wata babbar mota mai zuwa Gadarif. Ya zo da karen a igiya. Direba ya dube shi ya ce, "Baba, dubi motar nan. Mata suna tsaye da goyo. In na ɗauki kare, wa zan sauke?" Ba shi da amsa, gama direban ma gaskiya ya faɗa. Ya koma gida da sauri, ya cika kasko da duk wata roba da ruwa, ya juye sauran tuwo a ƙasa, ya roƙi wani tsoho maƙwabcinsa wanda ya ƙi tashi ya riƙa duba shi. Sa'an nan ya kwance igiyar, domin kare a ɗaure ba ya iya neman abinci. Ƙyale-su ya bi motar da gudu har ƙura ta rufe shi. Jikarsa ta ce, "Kaka, zai iske mu?" Ya juya fuskarsa bai ce kome ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu sun haura miliyan 10. A cikin irin wannan masifa, wa zai yi kukan kare a gaban mutanen da suka binne 'ya'yansu? Saboda haka bai faɗa wa kowa ba. Amma sa'ad da labari ya riƙa zuwa cewa karnukan Hartum sun zama na daji, suna yawo garke garke suna cin abin da ba ya faɗuwa, sai ya kasa barci. Abu guda ne yake ɗan sanyaya masa rai, wato 'yar takardar nan ta cikin leda. Yakan ce a ransa, ko ba kome bai bar wa mutane mahaukacin kare ba, muddin ƙarfin allurar bai ƙare ba.

Ran 29 ga Maris, 2025, soja suka ba da sanarwar karɓe Kasuwar Libiya. Bayan 'yan watanni ya koma shi kaɗai. Ya tarar da ƙofofin ƙarfe a ɓalle, rufin layin barguna ya ƙone. Tsohon maƙwabcinsa ya rasu. Wata mai shayi ta ce ta riƙa ganin wani jan kare kwance a ƙofar siton nan na ƙarshe har cikin damina ta farko, daga baya ba ta ƙara ganinsa ba. Ya zaga kasuwar kwana huɗu yana kira. Karnuka suka ɗago kai, ba wanda ya zo. A cikin toka ya sami kaskon, bai fashe ba. Ya wanke shi, ya cika da ruwa, ya ajiye a inda yake a dā.

Mai karatu, ba wanda zai ɗora wa mutumin nan laifi, gama ran ɗan adam yana gaba da na dabba, shi ma ya san haka. Abin lura shi ne, shi da kansa bai ce bashin ya faɗi ba. Mutane da yawa suna ajiye kare a ƙofar gida, ko jaki a turke, ko ma yaron shago a rumfa, su ci amfaninsa shekara da shekaru, ba su taɓa tambaya ko ya ci ko ya sha ba. Maigadin Kasuwar Libiya bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ya gane cewa duk wanda ya yi aiki tare da kai yana da rabo a cikin ladanka, ko yana iya buɗe baki ya nema ko ba ya iyawa. Ya biya wannan hakki kullum har shekara bakwai, daga cikin burodinsa, a lokacin da ba mai ganinsa. Kafin ka kwanta yau, ka leƙa ƙofar gidanka ka duba ko akwai ruwa a kaskon.