Guzurin Kwalekwale

Mutumin tudu yana auna guzurinsa da yawan bakunan da za su ci. Mutumin ruwa kuwa da bakin jirgi yake aunawa, ya duba yatsu nawa suka rage tsakanin katako da ruwa bayan kowa ya zauna. Dangin mahaifiyata Sarkawa ne na ƙasar Yawuri, kuma tun ina yaro, duk shekarar da ruwa ya janye har yashi ya fito, mukan tashi daga Yelwa a kwalekwale mu nufi tungar kawuna. Mu takwas ne har da yara uku, mu kwana biyu a hanya, sama rufinmu, yashi shimfiɗarmu.

Nauyi shi ne alƙalin farko. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye ƙauyuka da dazuzzuka, har yau kututturan itatuwa na tsaye a ƙarƙashin ruwa suna jiran jirgin da ya nutsa fiye da kima. Wanda ya ji labarin jirgin da ya tarwatse kusa da Wara a watan Mayun 2021, ya tafi da rayuka masu ɗimbin yawa, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan lodi. Saboda haka doya ba ta shiga jirginmu, haka ma duk abin da rabinsa ruwa ne ko ɓawo. Shinkafa da wake ma Inna ta hana, ba don nauyi ba, sai don wake na cin itace, itacen bakin kogi kuwa jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa.

Tsarinta shi ne a ci abinci bisa saurin lalacewarsa. Ranar farko ta fura ce da dafaffen ƙwai da ɗumamen tuwon jiya, abubuwan da ba za su ga wata rana ba. Babu mai hura wuta sai dare.

Daren nan kuwa na ɗanwake ne, kuma a ganina babu abincin da ya dace da matafiyin ruwa kamarsa. Tun a gida ake haɗa garin wake da na rogo da kuka a ƙulle wuri guda. In an sauka, sai a jiƙa 'yar kanwa, a kwaɓa garin da ruwanta, a kafa duwatsu uku, a ɗora tukunya. Da ruwa ya tafasa a riƙa gutsura ana jefawa. Ɗanwake da kansa yake sanar da nunarsa: ya nutse, ya jima kaɗan, ya taso ya yi ta yawo a saman ruwa. Yaran da suka wuni a takure ba damar motsi sukan kewaye tukunyar suna gardamar na wa ya fara tasowa. A tsame, a zubar da ruwan, a soya albasa da man gyaɗa a cikin tukunyar nan dai, a barbaɗa yaji. Albasa kuwa ba ta tsada a ƙasar da Gungawa ke nomanta a bakin kogi. Tukunya ɗaya, kirare runguma ɗaya, mutum takwas sun ƙoshi kafin sauro ya gama taruwa.

Rana ta biyu ta busassun abubuwa ce: garin kwaki da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa, a yayyafa ruwa da mai a cuɗa, kwaɗo ya haɗu ba tare da an ƙyasta ashana ba. Kilishi da dambun nama na masu tuƙi ne, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A jami'a na karanta yadda mutanen Kanada ke fita irin wannan tafiya don shaƙatawa, suna sayen busasshen abinci a ƙunshe da kuɗi mai yawa. Na yi murmushi, domin fatakenmu sun riga su gano cewa abin da aka raba da ruwa ba ya ruɓewa, ba ya kuma nauyi. 'Yan ƙannena yanzu Indomie suke nema. Ban ƙi ta ba, tana da sauƙin ɗauka da saurin dahuwa, amma ba ta riƙe ciki zuwa asuba, kuma ledarta muke tararwa a kan yashin bayan shekara.

Kifi fa? Baƙo kan ɗauka mai tafiya a kogi ba ya rasa miya. Na taɓa tambaya: "Kawu, me ya sa muke ɗaukar banda alhali ga kifi a ƙarƙashinmu?" Ya ce, "Ɗan nan, wanda ke cikin ruwa na kogi ne, sai ya shigo jirgi yake zama namu." In Allah ya kawo karfasa ko tarwaɗa, a gasa da gishiri da yaji. In bai kawo ba, babu wanda ya kwana da yunwa.

Ruwan sha ya fi komai wuya, duk da shi ya kewaye mu. Akan ɗebo, a jefa ɗan alif ya kwantar da laka, sannan a tafasa. Yara ba sa son tafasasshen ruwa mai ƙaurin hayaƙi, don haka Inna take damar kunun tsamiya kowace safiya, su sha ruwan da suka ƙi ba su sani ba. Gari da gishiri da ashana suna cikin tsohon bokitin fenti mai murfi, a ɗaure da igiya a jikin jirgi.

Akwai kuma ƙullin da ba ya cikin lissafin kowa: dakuwa da dabino a haɓar zaninta. Ba ta kwance shi sai iska ta taso a tsakiyar tafki, gaɓa ta yi nisa, ƙaramin cikinmu ya fara kuka yana neman miƙewa tsaye. Sai ta miƙa masa ɗaya, ta ce ya tauna a hankali, ya ƙirga mata tsuntsayen da ke kan wancan kututturen.