Uwargida, Ke Ma Za Ki Iya Yi Wa Ɗakinki Fenti

Da zarar Sallah ta gabato ko an sa ranar suna, sai hankalin uwargida ya koma kan bangon ɗakinta. Ga zanen biron yara, ga tabon hannu a gefen ƙofa, ga baƙin hayaƙin turaren wuta a kusurwa. Maigida ya ce a bari sai ƙarshen wata, mai fenti kuma ya yanka kuɗin aikin da ya kusa kai na fentin kansa. Ni dai na daɗe ina yi wa ɗakunana fenti da hannuna, ni da ƙanwata, kuma ina tabbatar miki shafawar ba ta da wuya. Gyaran bango kafin a buɗe bokiti shi ne aikin, shi ne kuma ke sa fenti ya daɗe bai ɓare ba.

Ki fara da taɓa bangon. Idan kin ji sanyin danshi, ko kin ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga ƙasa, to ki dakata. Ruwa ne ke shiga, ko ta rufi, ko ta bayan banɗaki, ko ta gindin gini. Sai an toshe hanyarsa bangon ya bushe, in ba haka ba fentin zai kumbura ya zube kafin damina ta zagayo. Sabon filasta ma yana buƙatar kamar mako 4 kafin ya karɓi fenti. Shi ya sa na fi son yin aikin tsakanin Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu kuma ba ta kankama ba.

Daga nan ki tattara kaya tsakiyar ɗaki ki rufe, ki shimfiɗa tsohuwar leda a ƙasa. Ki share yanar gizo, ki wanke wuraren maiƙo da ruwan sabulu, musamman a kicin, domin fenti ba ya kama maiƙo. Ki kankare duk inda tsohon fenti ya ɗago, ki cike ramukan ƙusa, idan sun bushe ki goge su yi sumul.

A nan ne nake so ki natsu sosai. Tsohon fentin mai, irin mai ƙyallin nan na ƙofofi da tagogi da rabin bango, yana iya ƙunsar dalma. Idan aka goge shi a bushe, ƙurar za ta sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ɗinta ba a san shi da rashin illa ba. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu da gubar dalma. Tasu daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don haka ki jiƙa wurin kafin ki kankare, ki rufe hanci da baki, ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, yara kuma su tafi gidan kaka. Idan kina da juna biyu, ki bar wa wani aikin gaba ɗaya. In za ki sayi sabo, ki sa a duba miki jikin gwangwanin ko an rubuta babu dalma.

Ga bangon ɗaki, fentin ruwa ya fi, ba shi da wari sosai kuma yana saurin bushewa. Mai 'ya'ya ƙanana ta daure ta ƙara kuɗi ta sayi mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da tsumma. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, to ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi zai ci wajen lita 9 a shafa biyu. Launi kuwa, kada ki yarda da abin da kika gani a bokiti. Ki shafa kaɗan a bango ki bar shi ya bushe, ki kalle shi da rana, ki sake kallo da dare a hasken lantarki.

Ki gauraya fentin sosai, kuma kada ki biye wa masu tsula masa ruwa don ya yi auki, jirwaye kawai za ki samu. Ki fara da silin, sannan ki bi kusurwoyi da gefen soket da buroshi, sauran ki bi da rola daga sama zuwa ƙasa. Bangon da kika fara, ki kai shi ƙarshe kafin ki tafi duba tukunya, don inda aka tsaya yakan bar layi. Ki ba shi awa 3 zuwa 4 kafin shafa ta biyu. Fentin mai kuma sai ya kwana.

Tagogi su zauna a buɗe, kuma kada a kunna turaren wuta ko risho kusa da fentin mai da kananzir. A ɗauki kwana 2 ko 3 ba a kwana a ɗakin ba. Buroshin fentin ruwa da ruwa ake wanke shi nan take, na mai kuma da kananzir, amma don Allah kada ki zuba kananzir ɗin a gorar ruwan sha, yaro bai san bambanci ba. Ragowar fentin ki rufe shi gam ki ɗora a sama, za ki neme shi ran da auta ya sake samun biro.