Manhajarmu Ba Ta San 1994 Ba

Mu biyu ne 'yan Arewa a ofishinmu da ke Dublin, babban birnin Ayilan, kuma rubuta manhaja ce sana'armu. Wannan sana'a tana da wani hali da take cusa wa mutum: duk abin da ya gani a harɗe sai ya ɗauka shi ake jira ya zo ya warware. Halin nan ne ya jefa mu cikin rigimar da ba tamu ba.

Akwai abokin aikinmu ɗan gundumar Leitrim da ke zama kusa da mu. Wata Litinin a watan Afrilun 2023 ya shigo fuska a murtuke, ko gaisuwa da ƙyar ya amsa. Ashe New York ce ta fitar da Leitrim daga gasar lardin Connacht da bugun fenareti, karo na farko da ta taɓa cin wasa a gasar. Muka ce, tsaya, me ya kawo birnin Amurka cikin gasar lardin Ayilan? Ya ja kujera ya fara bayani. Har aka tashi cin abincin rana bai gama ba.

Ƙwallon Gaelic ba irin wadda muka sani ba ce. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana kama ta da hannu ana kuma buga ta da ƙafa. Idan ta shiga raga maki 3 ne, idan ta bi ta saman sandar raga maki 1, kuma daga 2025 an ƙara maki 2 ga wanda ya cilla ta daga nisan mita 40. Hukumar GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ita ke kula da wasan. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ba a biyan 'yan wasa albashi, ba a kuma sayen su. Wanda ya buga a gaban mutum 82,300 a filin Croke Park ranar Lahadi, Litinin yana aji yana koyarwa ko yana gona. Gundumarka kake buga wa, ko tana da ƙarfi ko ba ta da shi. Gundumar Dublin tana da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, Leitrim kuwa dubu 35 da 'yan kai. Ninki fiye da 40 ke nan, kuma babu kasuwar da ƙarami zai je ya cike giɓin.

Gasa biyu ake yi a shekara. Ta farko lig ce, daga ƙarshen Janairu zuwa Maris: ƙungiya 32, aji huɗu, kowane aji takwas. Kowa zai kara da sauran bakwai sau ɗaya, biyun sama su hau, biyun ƙasa su sauka. Da muka ji haka sai muka kalli juna, domin 32 lamba ce da duk mai ilimin kwamfuta ke ƙauna, tana rabuwa biyu-biyu har ƙasa ba saura. Ta biyu ita ce babbar gasa ta kofin Sam Maguire, wadda ke farawa daga larduna huɗu. A nan lissafi ya watse. Ulster tana da gunduma 9, Munster 6, Leinster 11 tunda Kilkenny ba ta shiga, Connacht 5 da aka ƙara mata Landan da New York. A Ulster kusan kowane wasa yaƙi ne. A Leinster kuwa Dublin ta ɗauki kofi sau 14 a jere, daga 2011 zuwa 2024.

Wato gasar da aka tsara da adalci ita ake bugawa cikin sanyi da taɓo, ana kallon ta kamar share fage, wadda aka tsara a karkace kuma ita ke da rana da jama'a da daraja. A 2023 Mayo ta ci kofin lig, bayan mako ɗaya Roscommon ta fitar da ita a Connacht, nan take aka manta da kofin. Mu dai abin bai zauna mana ba.

Sai muka yi abin da muka iya. Muka rubuta 'yar manhaja da ke kwaikwayon kakar wasa: mu ba kowace gunduma ƙarfi gwargwadon matsayinta, mu zuba mata tsari, ta buga shekara bayan shekara cikin ƙiftawar ido. Muka gwada tsohon tsarin sili-ɗaya-ƙwale, wanda kafin 2001 ƙungiya kan yi wata da watanni tana atisaye ta buga wasa ɗaya rak ta koma gida. Muka gwada na 2023, mai rukuni huɗu, inda ake buga wasa 24 don a fitar da ƙungiya huɗu kacal. Wannan ko manhaja ba ta buƙata kafin a gane ɓarnar lokaci ne, kuma hukumar ma ta yi watsi da shi daga baya. Kowane lokaci amsa ɗaya muke samu: a rushe larduna, a mayar da lig tsakiyar shekara, a fitar da zakara daga cikinta. Muka je wa abokinmu da ita muna taƙama. Ya yi dariya ya ce ai an riga mu. A watan Oktoban 2021 an kai shawara mai kama da wannan gaban babban taron GAA, ta samu kashi 50.6 cikin ɗari, alhali kashi 60 ake buƙata. Muka ce to tsoffin da ke riƙe da kujerun larduna ne suka hana. Ya ce akwai wannan, amma mu shirya ranar Lahadi zai kai mu gida.

Carrick-on-Shannon ƙaramin gari ne a bakin kogi. Ruwa ake tsugawa, iska kamar ta yanke kunne, duk da haka tsofaffi da yara sun fito da tutar kore da ruwan ɗorawa. Bayan wasa mahaifin abokinmu ya zaunar da mu a ɗakin girki ya haɗa mana shayi. Muka kunna kwamfuta muka nuna masa. Ya saurara har ƙarshe bai katse mu ba, sannan ya ce, "Samari, a wannan tsarin naku yaushe za mu haɗu da Mayo?"

Muka ce, "Baba, sai kun hau aji uku."

Ya ce, "To ba a rayuwata ba ke nan."

Daga nan ya shiga labarin 1994. A shekarar Leitrim ta doke Roscommon, ta doke Galway, ta doke Mayo a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin Connacht karo na biyu a tarihinta. Na farko a 1927 ne. Kyaftin Declan Darcy ya ɗaga kofin tare da Tom Gannon, wanda ya yi kyaftin a 1927, tsoho tukuf ya haura shekara 90. Baba yana filin ranar. Ya ce ya ga ƙattan manoma suna kuka ba sa ɓoyewa. Dublin ta fitar da su a wasa na gaba, amma ko a jikinsa. Kofin aji na huɗu, in ji shi, ka doke irinka ne. Wancan kuwa maƙwabcin da ya saba raina ka a kasuwar shanu ka doke.

Ɗansa bai bar shi haka ba. Ya ce rana ɗaya cikin shekara 67, kuma yau an haura shekara 30 ba a sake ba. Su wa ke biyan kuɗin wannan jira? Yaran da ke tuƙo mota daga Dublin bayan aiki cikin dare don atisaye, su je a lallasa su, shekara ta zagayo su tattara su tafi Ostireliya. Ya tuna masa cewa a Maris na 2025 sai da Leitrim ta sallama wa Fermanagh wasan lig ba a buga ba, saboda ba ta da isassun 'yan wasa masu lafiya. Uba da ɗa suka ɗaga murya, mu kuwa muka sunkuyar da kai muna kurɓar shayi.

A hanyar komawa muka gane inda muka yi kuskure, kuma kuskure ne da muka sha gargaɗin ƙananan ma'aikata a kansa. Mu muka gaya wa manhaja ma'anar "tsari mai kyau": wasanni masu zafi su yawaita, cin kaca ya ragu. Abin da muka zuba mata shi ta dawo mana da shi. Ba mu ba ta wurin da za ta ajiye abin da Baba yake nufi ba. Kuma a 2025 ɗin nan Meath ta doke Dublin, Louth ta ɗauki kofin Leinster karo na farko tun 1957. Da an bi shawararmu ta farko, da babu wannan rana.

Duk da haka ba mu janye gaba ɗaya ba. Har yanzu muna ganin lig ce ya kamata ta zama ƙashin bayan shekara, a buga ta lokacin da fili ya bushe, domin ita kaɗai ke ba ɗan wasan Leitrim ko Wicklow wasa bakwai da yake da ran ci. A daina wasan ƙarshe na lig, wanda ya ƙare a saman teburi shi ne zakara. Gasar larduna ta zauna, a buga ta da wuri, kuma wanda ya ɗauki kofin lardinsa ya wuce kai tsaye zuwa Sam Maguire ko daga wane aji yake. Wanda ya ɗauka fa, ba wanda ya zo na biyu ba. A 2023 Sligo ta kai wasan ƙarshe na Connacht ta hanyar doke Landan da New York, ta samu gurbi, Meath da ke aji na biyu aka tura ta ƙaramin kofin Tailteann. Sa'ar ƙuri'a ce wannan. Shi ma Tailteann, da aka fara a 2022, zai rayu ne muddin zakaransa na samun gurbi a babbar gasa. An taɓa yin irinsa, kofin Tommy Murphy, ya mutu cikin shekara biyar saboda ba wanda ya damu da shi.

Mun aika wa Baba wannan sabon tsari ta hannun ɗansa. Amsar da ta dawo ita ce ya fi na farko, amma idan an buga Connacht da wuri manyan za su turo yaransu na benci, kuma doke Mayo ta benci ba doke Mayo ba ne. Mun buɗe manhajar mun ƙara layi ɗaya, muka sa masa suna 1994. Makonni ke nan muna gardamar lambar da za mu rubuta a gabansa.